Saniyar da Na Sassaƙa a Abbasiya

Sunana Habu, amma a bakin kotun garinmu Habu Mai Hatimi ake ce mini. Shekara ashirin da biyu na yi a gindin darbejiya da reza da guntun roba, ina sassaƙa wa makarantu da ƙungiyoyi da dagatai hatimi. Karatuna aji biyar ne na firamare, sai izu goma na allo. Wanda ya ga rubutun nan bai yi masa ba, ya je ya karanta na masu digiri. Da kwamfuta ta zo, aikin da nake yi a yini biyu sai ga shi ana yi kafin mutum ya sha ruwa, mummuna, kowa kuma ya fi son mummunan. Wani ejan ya ce a Masar ana neman masu aikin hannu. Na yarda. Ba zan ɓata takarda a kan yadda na tafi ba.

Zangona na farko Hayyin Ashir ne, wata unguwa a Alƙahira. Ɗaki ɗaya, mu bakwai, hawa na shida, bene ba lif. Ejan ya ajiye ni ranar Talata, ya ce zai dawo Alhamis. Har yau ban san wace Alhamis yake nufi ba. Mutanen ɗakin duk irina ne, kowa da ejan da ya cinye shi, kuma kowa na yi wa sabon zuwa dariya kamar shi da wayonsa ya zo. Na koyi cin ful, dafaffen wakensu, da gurasarsu mai dusa. Na koyi cewa idan Bamisire ya ce maka "bukra", wato gobe, to ka nemi wurin zama. Na koyi jin "ya samara", wato kai baƙin nan, a titi ba tare da na waiwaya ba. Wata huɗu ina ɗaukar buhun siminti, har yatsuna suka daina gane bakin reza.

Zango na biyu unguwar Abbasiya. A wani lungu bayan tashar mota akwai shagon tarkacen da, na wani mai suna Mu'allim Ragab. Tsofaffin agogo, fitilu, makullai, kwanukan da ba wanda zai ci abinci a ciki. Na kai masa kaya ne a ka, sai na ga yana fama da wani hatimin tagulla da ya toshe da datti. Na karɓa na gyara masa da tsinken ashana da ƙusa. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Kai usɗa ne?" Usɗa shi ne gwanin sana'a a bakinsu. Rabona da wani ya kira ni gwani tun a gida. Da kalmar nan ɗaya ya saye ni.

Washegari ya ce in kawo fasfona zai yi mini iƙama, takardar izinin zama. Na miƙa masa da hannu biyu, har ina godiya. Ya jefa shi a durowar teburinsa, ya murɗa ɗan makulli, ya rataye makullin a wuya tare da layarsa. Shekara uku fasfona ya yi a durowar nan. Ba iƙama, ba fasfo. Mutum ba fasfo a Alƙahira ba ya bin babban titi, ba ya zuwa asibiti, ba ya ɗaga murya ko an take masa ƙafa. Gida kuwa sai dai a waya. Matata Hajara ta daina tambayar yaushe zan dawo, wannan ya fi mini ciwo a kan tambayar.

Aikina a ƙuryar shagon shi ne in mai da sabo tsoho. In sassaƙa hatimi a kan tagulla, Mu'allim ya jiƙa shi a ruwan tsami na khal da gishiri, ya binne shi a tukunyar ƙasa sati biyu, ya fito da shi kore shar, ya rantse wa baƙo cewa na wani basha ne, cikin manyan masu mulkin da. Sau uku yana yi mini alkawari. "Gama waɗannan, ya usɗa, bukra fasfonka na hannunka." In gama, ya sayar, ya sumbaci goshina, ya kawo wata tagullar.

A shekara ta uku ya shigo da rawar jiki, riƙe da wani hatimi mai faɗin tafin hannu. Wannan kam na gaske ne, da ganin aikin ka san hannun da ya yi shi ba ya sauri. Rubutun Faransanci a kewaye, Larabci a ƙasa, a tsakiya saniya. Sai dai wani abu mai nauyi ya taɓa faɗo masa, gadon bayan saniyar ya lotse gaba ɗaya. Kai da ƙafafu da hantsa kawai suka rage.

Ya ce na wani kamfanin madara ne na Faransawa da ya yi zamani a Alƙahira tun ana sarki a ƙasar. Sunan kamfanin ba zan rubuta ba, harshena ma bai taɓa iya faɗinsa ba. Wata jikar mai kamfanin tana yawon tattara kayan kakanninta, za a yi musu ɗakin tarihi a can ƙasarsu. Mu'allim ya riga ya gaya mata a waya cewa ya tsinci akwati guda a tsohon sito, hatimi goma sha uku. Alhali ɗaya gare shi, shi ma lotsattse.

"Goma sha biyu, ya usɗa. Na man shanu, na cuku, na tulun madara, manya da ƙanana. Wata huɗu. Ranar da Madam ta ɗauka, wallahil azim, da hannuna zan kai ka filin jirgi."

Na ce, "Bayan saniyar fa? Ya lotse."

Ya ce, "Ba ka san saniya ba ne? Ku da kuke kwana da su?"

Na san saniya. Kakana na wajen uwa a rugar Fulani ya yi rayuwa, ni kuma na yi dakon fata a mayanka kafin in kama reza. Na zauna na cike mata bayanta yadda Allah ya halicci saniya: tozo a kan kafaɗa, tsayayye, ya ɗan kwanta baya kamar na bunajin da ta sha kaka. Ban yi shawara da kowa ba, don ban ga abin shawara ba. Na sha ganin shanu marasa tozo a jikin gwangwanin madara, amma na ɗauka ragwancin mai zane ne. A Alƙahira kuwa ban taɓa haɗuwa da saniya a tsaye ba, sai a rataye wurin mahauta.

Mu'allim yana zuwa kullum ya duba. Rubutun kawai yake bi da yatsa, harafi harafi, yana gwadawa da na asalin. Saniyar ko kallo ba ta ishe shi ba. Mutumin da ya shekara talatin yana sayar da kayan tarihi, bai taɓa duban abin da yake sayarwa ba, fuskar mai saye kawai yake dubawa.

A bakin lungun akwai wani tsoho, Ammu Sayyid, mai sayar da madara a leda. Ya haura tamanin, haƙori biyu suka rage masa. Duk safiya sai ya miƙo mini kofin madara mai ɗumi, in na sa hannu a aljihu ya harare ni. A garin nan kaf shi kaɗai ya taɓa tambayata sunan mahaifiyata, kuma ya riƙe. Saura kwana uku Madam ta iso, na ɗauki mafi kyawun hatiman na danna a kan sabulu, na kai masa. Yabo nake nema, ba zan ɓoye ba.

Ya kai sabulun kusa da idonsa, ya nisanta, ya sake kusantowa. Sai ya fara dariya har tari ya sarƙe shi.

"Ya Habu, mene ne wannan a bayanta? Raƙumi ya haife ta?"

"Tozo ne, ya Ammu."

"Na ga tozo ne. Wa ya ba ta?"

Ya jawo wani gwangwanin shayi daga ƙarƙashin benci, ya tona cikin maɓallai da tsofaffin kuɗi, ya fito da wata 'yar dalma kamar kwabo, da guntuwar waya a jikinta. Ya ɗora mini a tafi. Saniyar ce, ita ɗin dai. Bayanta a shimfiɗe kamar tebur.

Ashe da ƙuruciyarsa a kamfanin ya yi aiki, yana rarraba madara a keke. Ya ce kowane tulun ƙarfe sai an ɗaure murfinsa da waya, a matse dalma a kai da wannan saniyar, don matan manya su san ba a yi wa madararsu algus a hanya ba. In dalma ta fashe, a kore ka a ranar, ba a tambayarka ko faɗuwa ka yi.

Na ce, "To ba a yin algus ɗin kenan."

Ya ce, "Allura muke gasawa a wuta, mu zare wayar, mu ɗebi kofi biyu, mu cika da ruwan famfo, mu mayar. Shi ma Baturen sai ya yaɗe man da ke sama kafin ya sa hatimin. Kowa ya sha rabonsa, saniya na kan murfi tana shaida."

Ban yi dariya ba. Lissafin kwana nake. Da magagari mai laushi zan iya cike gurbin tozon in daidaita bayan, goma sha biyun duka, a kwana biyu, Mu'allim ya sake jiƙa su ba wanda zai gane. Na miƙe zan tafi, tsohon ya riƙe mini hannun riga.

"Mutum uku na gani a ƙuryar nan kafin kai. Ɗaya bai iya komai ba, wata biyu ya yi aka sallame shi. Wanda ya fi su iyawa, shekara tara. Daga nan aka ɗauke shi zuwa maƙabarta." Ya saki rigar. "Sha madararka, ta huce."

Na koma ƙurya, na ɗaure hatimi na farko a matsi, na ɗora kayan aiki a kan tozon. Na daɗe a haka. Idan Madam ta saya, Mu'allim zai sumbaci goshina, ya kawo wata tagullar. Idan ta gane, zai iya kira mini 'yan sanda, zai iya cinna wa fasfon ashana a gabana, na san zai iya. Ba jarumta ce ta sa na ajiye magagarin ba. Gajiya ce, da kuma wani abu da nake jin kunyar faɗa: tozon ya yi kyau. Ban taɓa yin aiki mai kyawunsa ba.

Madam ta zo da hantsi ranar Asabar. Doguwa, busasshiya, ta kai sittin, da farar safar hannu kamar mai wankan gawa. Tare da ita akwai tafinta, Malam Isufu, mutumin Damagaram, magidanci mai furfura a gemu, ya shekara goma sha a Abbasiya yana neman digirin da ba ya ƙarewa. Na san shi a masallaci. Irin ɗaliban nan ne da in ka yi musu sallama da Hausa su amsa maka da Larabcin littafi, don ka san ba ajinku ɗaya ba.

Mu'allim ya shimfiɗa jan ƙyalle, ya sa na kawo shayi. Ni ne mai shayi ranar. Kafin a buɗe akwati sai da Madam ta ba mu tarihi, Malam Isufu na juyawa da Larabci, in ya ga na tsaya sai ya jefo mini da Hausa ta gefen baki.

Wai kakan babanta talaka ne a wani ƙauye da ruwan sama ba ya ɗaukewa. Da saniya ɗaya ya fara. Matarsa ke kaɗa man shanu, shi ya kai kasuwa, yana danna hoton saniyar a kan kowane curi don kada a sayar da na wani da sunansa. Daga curi aka koma gwangwani, gwangwani ya hau jirgin ruwa zuwa Iskandariyya. Ɗansa ya biyo gwangwanin, ya buɗe reshe a Alƙahira, ya kawo shanu daga gida, rabinsu zafi ya kashe. Suka shayar da manyan otal da gidajen basha har lokacin da gwamnati ta karɓe kamfanonin baƙi, suka tattara suka koma da akwatunan hannu. A can ma daga baya wani babban kamfani ya haɗiye su, ya bar sunan a jikin robar yogot.

"Ta ce hatimin nan alkawari ne," in ji Malam Isufu. "Wai duk inda ka ga saniyar, gaskiya ce a ciki."

Na ce, "Ka tambaye ta masu keken fa, suna cikin tarihin?"

"Kai dai zuba shayi, Malam Habu."

Ta fito da hoto daga jaka, tsohon da saniyarsa, ta share hawaye da bayan safar. Mace ta ƙetare teku tana kukan saniyar da ta mutu shekara ɗari, ga mutum a tsaye gabanta da tire, ba ta ga ko yana da fuska ba.

Aka buɗe akwati. Ta ɗauki lotsattsen, na gasken, ta duba da madubin ƙara girma, ta gyaɗa kai. Ta ɗauki na biyu. Ta daɗe. Ta ɗauki na uku, na huɗu, ta jera su kusa da hoton. Shagon ya yi tsit, sai ƙarar agogunan da ba ɗaya da ya dace da wani. Ta yi magana gajeriya.

Malam Isufu ya karɓi madubin ya leƙa. Na ga gemunsa na rawa. Bai dube ni ba, ya ce da Hausa, a hankali kamar mai tasbihi, "Malam Habu, wannan ai bunaji ce."

"Ka gane ta kenan."

"Har da tozon kaka. Allah ya shirye ka."

Sannan ya juya wa Mu'allim da Larabci: Madam na tambaya, yaushe saniyar kakanta ta yi ƙari a baya?

Mu'allim ya fizgi hatimin. Karo na farko kenan da ya dubi saniyar. Amma ɗan kasuwa ne, bai faɗi nan take ba. Ya ce a gaya wa Madam, shanun da aka kawo Masar, zafin ƙasar ne ya fito musu da wannan, sananne ne, kowa ya sani, shi ya sa reshen Alƙahira ya canza hatimi. Malam Isufu ya juya mata wannan da fuskar liman. Madam ta cire safar hannunta yatsa ɗaya ɗaya. A cikin abin da ta faɗa na tsinci kalma ɗaya da ba ta bukatar tafinta: bolis.

Nan Mu'allim ya nuno ni. Ya ce wannan jakin ne, wannan baƙin da ya tsinta a titi ya rufa wa asiri, shi ya cuce shi, shi bai san komai ba. Madam ta dube ni a karo na farko. Ba fuskata ba, hannuwana. Ta ɗaga waya ta ɗauki hotonsu, ta ce wani abu.

"Wai aikin na da ban sha'awa," in ji Malam Isufu. "Irin na Afirka."

Ba ta tambayi sunana ba. Ta sayi lotsattsen shi kaɗai, ta ce za ta yi shawara da ofishin jakadancinsu a kan sauran, ta fita.

Motarta ba ta gama juyawa ba Mu'allim ya ciro makullin daga wuyansa. Ya buɗe durowar. In 'yan sanda suka zo, abin da ba ya so su tarar a shagon shi ne ni, da fasfona a durowarsa. Ya jefe ni da shi a ƙirji.

"Kafin la'asar kada in ga ƙafarka a Abbasiya. Usɗa! Ko saniya ba ka iya ba. Yalla, fita."

Na sunkuya na ɗauka. Warin durowa yake yi, taba da naftalin na korar asu. Na buɗe, hoton wani mutum mai kumatu ya dube ni. Da zan wuce teburin na sa hatimi ɗaya a aljihu, babban, na man shanu. Ya gani, ya kau da kai. Da zan kwashe goma sha biyun da ya fi murna.

Shekara uku ina yi masa aiki mai kyau, ban ga fasfona ba. Ranar da aka kira ni jaki a gaban mace, ranar na same shi.

Ammu Sayyid bai tambaye ni yadda aka yi ba, lungun duka ya ji ihun. Ya ƙulla mini madara a leda, ya ce in gai da Hajiya Rabi, mahaifiyata. Ban gaya masa ta rasu tun bara ba.

Sauran zangon ba daɗin faɗa. Sati shida ina jerin gwano a ofisoshi saboda wuce wa'adin zama. Malam Isufu, wanda na raina, shi ya bi ɗakunan ɗalibai a Hay el-Sabi' da Hayyin Ashir ya haɗa kuɗin da aka fitar da ni da su, shi ya tsaya mini a kowace taga da Larabcinsa na littafi. Duk inda muka shiga sai ya ba da labarin bunajin, a yi dariya, sannan a sa hannu a aljihu. Da abin dariya aka sayo mini tikiti. Na gode masa, amma ban ce na ji daɗi ba. A filin jirgi wani jami'i ya buga mini hatimin fita ba tare da ya ɗago kai ba. Na duba. Aikin inji ne, tawada ta taru a gefe ɗaya, ƙasan bai fito ba. Shi ne hatimin da na shekara uku ina jira.

Yanzu ina gida. Gindin darbejiyar wani mai kwamfuta ya kafa kwantena a wurin. Hajara ta karɓe ni kamar baƙon da aka ce zai kwana biyu. Hatimin yana kan taga, an danne takardun asibiti da shi.

Rannan wata Bafulatana da ke kawo mana nono, Inna Jumma, ta sauke ƙwaryarta a tsakar gida. Na ce bari in nuna wa wadda ta san abin. Na danna hatimin a kan curin man shanunta, na miƙa mata. Ta juya shi wajen haske, ta daɗe tana kallo.

"Tozon ya yi," ta ce. "Wanda ya yi wannan ya san nagge."

Na gyara zama.

"Amma wa ya yanke mata ƙaho? Ga ƙafafu gajeru, ga hantsa har ƙasa. Wannan ba tamu ba ce, Malam. Ta wane gari ce?"

Na ce ban sani ba. Ta shafe hoton da babban yatsa, ta mulmula man ya koma curi, ta tambaye ni ko na nawa za a zuba.